Launi da Zane a Jikin Tanar Roba: Yadda Masu Fatsa Suke Ƙawata Abin Yaudarar Kifi

Tanar roba, wato abincin ƙugiya na ƙarya da ake zubawa da roba mai laushi cikin siffar tana ko ƙaramin kifi ko kwaɗo ko ƙadangare, tana cikin kayan fatsa da suka fi yaɗuwa a Amurka da Turai da Japan, kuma ɗimbin masu sha'awar kamun kifi a waɗannan ƙasashe sun mayar da zubinta sana'ar hannu da suke yi a gidajensu. Siffar tanar daga mazubi take fitowa, saboda haka duk wanda ya sayi mazubi iri ɗaya zai sami siffa iri ɗaya, amma launi da zanen da ke jikinta su ne wurin da gwanintar mai zubi take bayyana. A nan ne kuma sabon shiga ya fi yin kuskure, domin yakan zaɓi abin da ya burge idonsa a cikin ɗaki, alhali kuwa ruwa da idon kifi ne alƙalan da za su yanke hukunci a kan aikin.

Asalin sana'ar

Tarihin tanar roba ta zamani yana komawa ga Nick Creme, wani ma'aikacin injuna a birnin Akron na jihar Ohayo, wanda shi da matarsa Cosma suka yi ta gwajin dafa roba a gidansu har suka fito da tana mai laushi a shekarar 1949, suka fara sayar da ita ta gidan waya a 1951, daga baya kuma kamfaninsu ya koma garin Tyler na jihar Tekzas, inda masu kamun kifin da ake kira bas suka karɓe ta hannu biyu. Tanar farko launin tanar ƙasa aka ba ta, domin tunanin lokacin shi ne a kwaikwayi abin da kifi ya saba ci, sai dai ba a daɗe ba masunta suka lura cewa launukan da babu wata tana mai rai da take da su, kamar shunayya da shuɗi, suna kama kifi ƙwarai. A 1967 Tom Mann na garin Eufaula a jihar Alabama ya fito da tanarsa mai suna Jelly Worm, wadda ya haɗa launinta da ƙanshin 'ya'yan itace irin su inabi, sannan a 1972 kamfanin Mister Twister na jihar Luwiziyana ya kawo tana mai lanƙwasasshiyar jela da ke kaɗawa idan an ja ta cikin ruwa. Tun daga wannan zamani launi ya zama fage mai zaman kansa, har wasu haɗe-haɗe suka sami sunayen da kowane mai fatsa a can ya sani, waɗanda ma'anarsu ita ce koren kabewa, da kankana, da man inji.

Robar da ake dafawa

Abin da ake zuba tanar da shi ana kiransa filastisol, kuma shi ruwa ne fari mai kama da madara, wanda ya ƙunshi ƙananan ƙwayoyin robar PVC, irin wadda ake yin bututun ruwa da ita, suna yawo cikin wani mai da aikinsa shi ne tausasa roba. Idan aka ɗora shi a wuta, yawanci cikin kofin gilashi mai jure zafi a na'urar ɗumama abinci da aka keɓe don wannan aiki kaɗai, yakan fara yin kauri kamar kunun da ya kwana, sannan idan zafi ya kai kusan digiri 177 a ma'aunin Salshiyas sai ƙwayoyin su narke cikin man, ya sake sakin jiki ya zama garai-garai kamar zuma. Wannan sauyi yana da muhimmanci ga mai haɗa launi, domin launin da aka gani a cikin ɗanyen ruwa mai fari ba shi ne zai fito bayan dahuwa ba, kuma ba a iya sanin gaskiyar launi sai robar ta washe.

Zafi yana da iyaka, domin idan ya wuce kima, ko aka yi ta maimaita ɗumama kofi ɗaya, robar takan fara komawa ruwan ɗorawa, daga nan ta ƙone ta yi baƙi tana fitar da hayaƙi mai guba da ke ɗauke da iskar haidirojin kulorayid. Wannan ɗorawa da ƙuna ke kawowa ba ta cika bayyana a launuka masu duhu ba, amma takan ɓata fari da shuɗi mai haske nan take, shi ya sa masu zubi suke ƙara ɗan sinadarin da ke taimaka wa roba jure zafi, suna kuma ɗumamawa kaɗan-kaɗan tare da motsawa da auna zafi a kowane zagaye.

Rini da garin launi

Abubuwan da ake ba roba launi da su kashi biyu ne, kuma sanin bambancinsu shi ne harsashin aikin gaba ɗaya. Na farko shi ne rini, wanda yake narkewa cikin man robar ya zama ɗaya da shi, yana ba da launi mai ratsa haske kamar gilashin kwalba, sai dai tun da yake narkakke ne yana iya tafiya daga wuri zuwa wuri, ta yadda jar tana da aka ajiye tare da fara cikin jaka ɗaya za ta shafa mata ja cikin 'yan kwanaki, kamar yadda sabon yadi mai zuba yake ɓata farin kaya a wajen wanki. Na biyu shi ne garin launi, wato ƙwayoyi masu laushi ƙwarai da aka dama cikin mai, waɗanda ba sa narkewa, suna zama inda aka sa su, suna kuma toshe haske gwargwadon yawansu. Duk wanda yake son haɗa launi biyu a jikin tana ɗaya, musamman fari da wani launi mai ƙarfi, dole ne ya nemi irin da ba ya zuba, in ba haka ba iyakar da ya sha wahalar fitarwa za ta dushe kafin tanar ta ga ruwa.

Ana auna launi da ɗigo, kuma ma'aunin da aka saba da shi a Amurka shi ne yawan ɗigo a cikin oza 4 na roba, wato kimanin mililita 120. Ƙa'idar ita ce a fara da kaɗan, domin ƙari yana da sauƙi amma ragi ba ya yiwuwa sai an ƙaro ɗanyar roba. Gwanin mai zubi yakan girgiza kwalbar launi sosai saboda garin yana kwanciya a ƙasa, ya ɗiga biyu ko uku, ya motsa da sandar ƙarfe a hankali don kada kumfa ta shiga, sannan ya ɗebo ɗan kaɗan ya zuba a kan farin faranti, ya jira ya huce, ya ɗaga shi ya duba ta hasken rana. Dalilin wannan gwaji shi ne cewa launi a cikin kofi mai zurfi kullum ya fi duhu fiye da yadda zai kasance a siririyar jela, kuma hasken fitilar ɗaki yana ruɗar ido. Launuka masu walƙiya, irin tsanwa mai ɗaukar ido da ruwan goro mai haske, sun fi fitowa da ƙarfinsu idan an zuba su cikin robar tun tana ɗanya kafin a ɗora ta a wuta, abin da masu sayar da su da yawa suke gargaɗi a kai.

Launukan da suka fi suna a wannan fage ba su da tsananin haske. Koren kabewa, alal misali, kore ne mai duhu da ya karkata zuwa ruwan ƙasa, wanda ake barbaɗa wa baƙin ƙyalli, kuma ƙarfinsa yana cikin kamar da yake yi da abubuwa da dama da kifi ke ci a ƙasan ruwa ba tare da ya zama ɗaya daga cikinsu takamaimai ba. Kankana kuwa kore ne mai ratsa haske da ake sa wa baƙin ƙyalli ko ja, ana kuma amfani da shi a ruwa mai tsabta lokacin da rana ta take. Ɗigo ɗaya na baƙi yana iya kwantar da kore mai tsananin haske, ɗigo ɗaya na fari kuma yana iya kashe ratsa hasken kofi guda, don haka waɗannan biyun su ne aka fi taka-tsantsan da su.

Ƙyalli da garin sheƙi

Bayan launin jiki sai ƙyalli, wato 'yan gutsattsarin roba masu walƙiya da aka yanka murabba'i ko kusurwa shida. Ba kowane ƙyalli ne ya dace ba, domin irin na kwalliya da na aikin makaranta yakan narke ko ya nannaɗe ko ya saki launinsa cikin roba mai zafi, shi ya sa ake yin na musamman da robar foliyesta mai jure wuta. Girmansa ana faɗarsa da inci, kuma waɗanda aka fi amfani da su sun haɗa da mai 0.015, wanda bai kai rabin milimita ba, da mai 0.040, wanda ya kai kusan milimita ɗaya. Ƙanana suna ba da sheƙi mai yaɗuwa ko'ina a jiki, manya kuma suna fitowa ɗai-ɗai kamar ɓawon kifi, haɗa girma biyu a kofi ɗaya kuwa yana ba wa tanar zurfi a ido. Ana zuba ƙyalli bayan robar ta dahu ta ɗan sauko daga tsananin zafinta, saboda roba mai zafi sosai tsinkakkiya ce, kuma ƙyallin zai nutse ya taru a ƙasan kofi ko a gefe ɗaya na mazubi, abin da ya sa ake motsawa daf da kowane zubi.

Akwai kuma garin sheƙi, wanda ake yi da maika, wani ma'adini mai ɓarewa falle-falle, da aka lulluɓe da siririn rufi na sinadarin titaniyam. Wani irinsa yana ba da farin sheƙi kamar na cikin kifi, wani kuma kusan ba a ganinsa sai haske ya faɗo masa ta wata kusurwa, sai ya yi walƙiyar shuɗi ko kore ko shunayya kamar wuyan tantabara. Wannan na biyun ɗan abin da bakin wuƙa zai ɗauka ya isa kofi guda, idan aka cika shi kuwa sai robar ta yi hazo. Gishiri ma, wanda ake ƙarawa don tana ta yi nauyi ta nutse, kamar yadda tanar Senko ta Gary Yamamoto ta yi suna da shi tun shekarun 1990, yana dusashe launi ya sa shi fari-fari, saboda haka haɗin da aka gwada babu gishiri sai an sake gwada shi idan gishiri ya shiga.

Hanyoyin fitar da zane

Zanen da ya fi kowane yawa shi ne na hawa biyu, baya mai duhu da ciki mai haske, kuma hikimarsa daga halittar kifi aka ɗauko ta, domin yawancin ƙananan kifaye haka suke, ta yadda mai kallo daga sama zai ga duhun baya ya saje da ƙasan ruwa, mai kallo daga ƙasa kuma zai ga farin ciki ya saje da hasken sama. A mazubi mai buɗaɗɗen baki, wanda ake yi da silikon ko farar ƙasar filasta ko alminiyum, ana fara zuba launin ciki zuwa rabi, a dakata har samansa ya yi 'yar fata, sannan a zuba launin baya a hankali. Dukan sirrin yana cikin wannan dakatawa, domin idan aka yi gaggawa launi na biyu zai huda na farko su cakuɗe, idan kuma aka yi jinkiri hawa biyun ba za su manne ba, sai tanar ta rabu biyu a bakin kifi na farko. Wasu sukan bi saman hawan farko da na'urar hura iska mai zafi kafin su zuba na biyu don su tabbatar da mannewa.

A mazubin alminiyum mai murfi biyu, wanda ake tura wa roba da wani babban sirinjin ƙarfe, ana samun hawa biyu ta hanyar haɗa sirinji biyu da ke turawa lokaci ɗaya, kuma sharaɗin nasara shi ne launukan biyu su kasance da zafi ɗaya da kauri ɗaya, in ba haka ba wanda ya fi tsinkewa zai riga ɗan'uwansa ya mamaye mazubin. Idan aka bar launukan suka ɗan ratsa juna da gangan, sai a sami zane mai murɗe-murɗe wanda babu tana biyu da za su fito da iri ɗaya. Mai son jela mai launi dabam kuwa yakan zuba tana gaba ɗaya da launin jelar, ya yanke jelar ya mayar da ita gurbinta a mazubi, sannan ya tura launin jiki da zafi sosai don ya narka bakin yankan su haɗe. Akwai kuma salon da ake sa siririn ƙarfe a tsakiyar mazubi a zuba roba mai ratsa haske a kewayensa, a zare ƙarfen, a cika ramin da ja ko baƙi, sai tanar ta fito da jijiya a cikinta kamar halitta mai rai.

Wasu zane-zanen bayan zubi ake yin su. Ana iya shafa garin sheƙi da ɗan buroshi a cikin mazubi kafin a zuba roba, sai ya manne a fatar tanar, ana kuma iya fesa fenti na musamman da ke kama robar PVC, a ɗora ɗan ƙyallen raga a jiki kafin fesawa don ramukan ragar su bar zanen ɓawon kifi. Tun da yake fenti yana gogewa, sai a manna idanu sannan a tsoma tanar gaba ɗaya cikin roba mai zafi marar launi, wadda za ta rufe zanen da siririyar riga mai sheƙi. Hanya mafi sauƙi kuma ita ce ruwan rini na kwalba da alƙaluman rini da masu fatsa suke tafiya da su bakin ruwa, inda sukan tsoma bakin jela cikin tsanwa mai haske, sau da yawa mai warin tafarnuwa, ta bushe cikin daƙiƙoƙi.

Abin da kifi yake gani

Duk wannan wahala ba ta da amfani idan ba a san abin da ruwa yake yi wa haske ba. A ruwa mai tsabta, ja ne launin da yake fara ɓacewa, domin cikin 'yan mitoci kaɗan na zurfi ruwa yakan shanye shi ya koma kamar baƙi, sai ruwan goro ya biyo baya, sai rawaya, yayin da kore da shuɗi suke kai wa nesa. A ruwa mai laka ko wanda ruɓaɓɓen ganye ya rina, lissafin yakan sauya, shuɗi ya riga ɓacewa, kuma haske gaba ɗaya ya ragu, ta yadda abin da ya rage wa kifi shi ne inuwar abu da motsinsa, wanda yake ji da layin jijiyoyin da ke gefen jikinsa. Daga nan ne ƙa'idar masu fatsa ta samo asali, cewa ruwa mai tsabta yana son launi mai ratsa haske mai kama da halitta, ruwa mai duhu kuma yana son baƙi ko shuɗi mai duhu da zai fito da inuwa sosai, ko kuwa launi mai tsananin walƙiya.

Idon kifi ma ba irin na mutum ba ne. Mutum yana da ƙwayoyin gane launi iri uku a idonsa, amma kifin bas mai faɗin baki yana da iri biyu, ɗaya mai jin kore ɗaya mai jin ja, kuma binciken da masana a Jami'ar Ilinoi suka wallafa a 2018 ya nuna cewa wannan kifi yana gane ja da kore da kyau, amma yana shan wuyar bambance rawaya mai walƙiya da fari, haka kuma shuɗi da baƙi. Darasin da ke cikin wannan shi ne cewa bambancin duhu da haske, da yawan hasken da ke ratsa jikin tana, sun fi ƙananan bambance-bambancen launi tasiri, kuma mai launuka biyar ko shida da ya san lokacin kowannensu ya fi mai hamsin da yake zaɓe da ka. Ƙa'idar haske ɗaya ce a kowane ruwa, don haka mai neman giwan ruwa da abin yaudara a Tafkin Kainji ko a Kogin Binuwai zai amfana da ita, ko da yake kifin tsage, saboda kaifin haƙoransa, yakan yayyaga roba mai laushi a cizo ɗaya.

Kiyaye lafiya da kiyaye ruwa

Roba mai digiri 177 ta fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma idan ta zuba a fata mannewa take yi ta ci gaba da ƙuna, saboda haka safar hannu mai kauri da tabarau da riga mai dogon hannu da rufaffen takalmi wajibi ne, haka ma wuri mai iska da abin rufe hanci mai tace hayaƙin sinadari. Ɗigon ruwa ɗaya da ya faɗa cikin kofi yakan zama tururi nan take ya watsa roba a fuska, don haka dole kofi da sandar motsawa da mazubi su bushe ƙayau, kuma kayan da suka taɓa wannan aiki ba sa komawa ɗakin girki. Ana iya sake narka tsofaffin tanu idan an rarraba su bisa launi, domin cakuɗa su yakan ba da ruwan ƙasa mai datti wanda baƙi kaɗai ke rufewa, sai dai ba a haɗa su da tanun da aka yi da wata roba mai talewa sosai, irin ta kamfanin Z-Man, domin nau'o'in biyu suna narka juna ko a cikin akwati ɗaya aka ajiye su.

Tanar roba ba ta ruɓewa cikin ruwa, kuma wadda kifi ya haɗiye tana iya kumbura ta zauna a cikinsa, matsalar da ta sa aka gabatar da ƙudurin hana amfani da ita a majalisar jihar Main ta Amurka a 2013, ko da yake bai zama doka ba. Mai zubi a gida yana da damar da mai saye ba shi da ita, domin duk tanar da ta yage zai iya mayar da ita kofi ta sake zama sabuwa. Abin da ake buƙata daga duk mai son shiga wannan sana'a shi ne ya riƙe littafi yana rubuta yawan roba da ɗigon kowane launi da girman ƙyalli da zafin da ya yi zubi, ya ajiye samfuri ɗaya daga kowane haɗi, ya gwada shi a ruwan da zai yi fatsa kafin ya zuba da yawa, sannan ya dawo gida da kowane guntun roba da ya fita da shi.